Faifan da Ya Girmi Abuja

Tsaya, Malam, kada ka juya shafin tukuna. Na ga yadda ka taɓe baki. Daga jin an ce yau hirar kiɗan rok za a yi har ka fara laluben takalmi, kana cewa a ranka marubucin nan rana ta taɓa shi. Zauna. Kai fa mutumin Abuja ne, kuma duk faɗin Nijeriya ban san garin da ya kai naku son rok ba. Kalmar da Turanci dutse take nufi. Shugaban ƙasa a gindin Dutsen Aso yake kwana. Mai shigowa ta hanyar Kaduna sai ya gaida Dutsen Zuma kafin ya ga ƙofar gari, har hotonsa kuke yawo da shi a aljihu, jikin naira 100. Kuna da unguwa sukutum mai suna Dutsen Alhaji. Mutanen da suka kewaye kansu da duwatsu haka, a ce kiɗan dutse ne ba sa so? Haba!

Ka ce wannan wasa da kalma ne, rok na kiɗa daban, na dutse daban? Gaskiyarka, na kiɗan daga girgiza da rangaji ya samo suna. Gwada ka na yi in ga ko a farke kake. Tunda a farke kake, gyara zama.

Wani faifai ne ya tayar mini da tsumi. Sunansa Try and Love, na wasu samari da suka kira kansu Ofege, kamfanin EMI ya fitar da shi a Legas a 1973. Waƙa takwas ce, huɗu a kowace fuska. Na tsince shi a ƙasan akwatin ƙarfe na wani kawuna da ya yi aikin masaƙa a Kakuri ta Kaduna, ranar da muke haɗa masa kaya zai koma gidan ɗansa a Kubwa. Kawu yanzu dattijo ne, gemu fari fat, carbi ba ya barin hannunsa. Na ɗaga faifan na ce, "Kawu, wannan fa?" Ko kallo bai yi ba, ya ce ajiya aka ba shi. Ajiya! Shekara hamsin mai kaya bai waiwayo ba. A ƙarƙashin faifan kuma ga hoton wani saurayi da tulin suma kamar an kifa masa kwando, wando matsattse a cinya, buɗaɗɗe a ƙasa yana sharar titi kyauta, takalmi mai tudun da sai an yi bismilla kafin a hau. Na ce, "Shi ma wannan ajiya ne?" Kawu ya ce in fita in duba ko mota ta iso.

Ka riƙe shekarar nan, 1973. Ran 1 ga Janairunta aka haifi naira, a watan Mayunta aka kafa bautar ƙasa. Wato faifan sa'an naira ne, kuma a lokacin naira ɗaya ta fi dala ɗaya ƙarfi. Yau ka ajiye su biyun gefe da gefe ka faɗa mini wanda tsufa ya fi wulaƙantawa. Abujarku kuwa ko cikinta ba a ɗauka ba. Sai ran 3 ga Fabrairun 1976 Janar Murtala ya yi shelarta, sai ran 12 ga Disamban 1991 Janar Babangida ya tare. Ranar da allura ta fara hawa kan wannan faifai, yankin nan ƙauyuka ne da gonakin Gbagyi da maƙwabtansu.

Ka ce ƙarya nake, Abuja tun 1828 take, Abu Ja ne ya kafa ta? Sannu, malamin tarihi. Waccan ai kun karɓe mata suna kun bar ta da Suleja. Ni da taku nake, ta gadar sama da shataletale, wadda take zama kufai da zarar an ba da hutun Sallah. Ita ce ƙanwar faifaina, kuma ƙanwa ba ta ɗaga wa yaya murya.

Turawa suna kiran irin kiɗan da ke cikin faifan nan saikedelik. Kada ka wahalar da harshenka, ni kiɗan hajijiya nake ce masa, don aikinsa ke nan: ya juya ɗakin kana zaune.

Ka ce kiɗan Turawa ne? To bari in karanto maka sunayen Turawan. Melvin Ukachi mai waƙa da jita, Paul Alade mai jitar nan mai kaurin murya, Mike Meme a kan ganguna, Dapo Olumide a kan ogan, sai Felix Inneh. Wannensu ne ɗan Landan? Yaran sakandare ne, 'yan kwalejin St. Gregory's ta 'yan Katolika da ke Obalende. Obalende kuwa ka san ta, ko da ta bakin masu tsire, kuma barikin Dodan, fadar Janar Gowon, na nan kusa da ita. A bayan katangar fadar Aso ta wancan zamani yaran ke ɓarin jita ke nan. Ka gwada tara yara biyar da ganguna a Asokoro yau, ka ga ko za ku kai waƙa ta biyu.

Ka ce to ai kwaikwayon Turawan suka yi? Wannan kam da ƙamshin gaskiya. Samarin Legas na lokacin sun sha Jimi Hendrix, sun sha Santana, sun ƙoshi. Sai dai Hendrix baƙin mutum ne kamar ni da kai. Santana kuwa haifaffen Meziko ne, kuma a faifansa na farko na 1969 akwai Jingo, wadda ya ɗauko daga hannun Babatunde Olatunji, mutumin Ajido kusa da Badagry, da ya riga ya fitar da ita a faifansa Drums of Passion kusan shekara goma kafin nan. Ka ga yaran Obalende na kwaikwayon mai kwaikwayon kawunsu ne. Akuyar gida ce aka kai kasuwar nesa, aka sake mata igiya, mai ita ya je ya sayo yana murna ya sami iri mai kyau.

Kuma wai wa ke maganar kwaikwayo? Kai? Kai da ka haddace finafinan Indiya har ka san wanda zai mutu kafin a je rabi? Kai da bikin ƙanwarka fiyano aka kaɗa daga Kamu har Buɗar Kai, saurayi na bin budurwa da waƙa kamar a Bombay? In Bahaushe ya ari rawar Indiya sunanta nishaɗi, in yaron Legas ya ari jitar Amurka sunanta lalacewa. Wannan alƙalanci naka, Allah ya sa kada gadona ya biyo ta kotunka.

In kana son sanin wa ke bin wa a wancan lokaci, bi sawu. Ginger Baker, makaɗin gangunan ƙungiyar Cream ta Ingila, wadda tana cikin iyayen wannan kiɗa, a 1971 ya ɗauko mota ya keto Sahara har Legas. Ya yi faifai da Fela, ya kafa situdiyo a Ikeja. A 1973, shekarar faifanmu, Paul McCartney na Beatles ya zo situdiyon wannan kamfani na EMI da ke Apapa ya ɗauki mafi yawan Band on the Run. Legas ta yi masa maraba irin tata: 'yan fashi suka tare shi da wuƙa suka raba shi da kaset ɗin waƙoƙinsa, Fela kuma ya ce satar kiɗan baƙar fata ya zo yi, sai da ya kunna masa abin da ya ɗauka kafin ƙura ta lafa. Su suna tahowa, kai kana gudu.

Na san inda za ka ɓullo yanzu. Ka ce duk wannan harkar 'yan Kudu ce, mu a Arewa muna nan da Shata da Ɗanƙwairo, babu ruwanmu? To faifan a akwatin wa na same shi? Kaduna da Kano da Jos na wancan zamani suna da gidajen rawa da makaɗan zamani, har Bala Miller ya zo ya riƙa rera Hausa a kan jita da ƙaho. A 2008 wani kamfanin Ingila, Soundway, ya tattara rok ɗin Nijeriya na shekarun 1970 a faifai guda mai suna Nigeria Rock Special. Ofege na ciki, BLO na ciki, Funkees daga Gabas na ciki. Akwai kuma wata ƙungiya, Elcados, da waƙa mai suna Ku Mi Da Hankan. Sake karantawa sannu a hankali. Wannan ba Yarbanci ba ne, ba Ibo ba ne, Hausa ce da ta sha kashi a hannun mai buga bangon faifai. Ni dai kunnena "ku mai da hankali" yake ji. Har nasiha aka yi maka da harshenka a kan jita mai kururuwa, kai kuwa ba ka mai da hankalin ba.

Hajiya, na ga kina dariya a gefe. Ki dakata. Yaran nan ba ƙattin masaƙa kaɗai suka ruɗa ba, 'yan matan makarantun kwana ma sun sha kuka a kansu. Ki je ki duba ƙasan akwatin Gwaggo kafin ki yi wa Malam dariya.

Ka ce kiɗan 'yan ƙwaya ne? Yawwa, ka iso inda nake jiranka. Ba zan yi maka musu a kan asalin sunan ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, Humphry Osmond, ya ƙera kalmar saikedelik a 1956 daga Girkanci, ma'anarta abin da ke fito da ɓoyayyen cikin zuciya fili, kuma ƙwayoyi yake nufi, irin LSD da Albert Hofmann ya gano ƙarfinta a Siwizalan a 1943. Samarin San Francisco da Landan suka sha, suka ga bango na numfashi, suka ce bari su yi kiɗan da zai kwatanta abin da suka gani. A 1967 abin ya cika ya tumbatsa. Wasunsu sun tafi ba su dawo daidai ba, kamar Syd Barrett na Pink Floyd, wanda tun 1968 abokansa suka ci gaba babu shi. Duk wannan na ba ka, ka riƙe.

Amma ka sassauta murya, ɗan'uwa, kada maƙwabta su ji. Zaƙami ba daga San Francisco aka kawo mana shi ba, a bakin juji yake tsirowa. Kodin ɗin da gwamnati ta hana a maganin tari a 2018, masu kwankwaɗarsa ba Ofege suke saurare ba. Ka san waƙoƙin da ke cikin wayarsu, ta yiwu ma irin na cikin taka ne. Yaron nan mai ogan, Dapo Olumide, wanda da kai ne ubansa da tuni ka ce ya lalace, ya girma ya zama kyaftin ɗin jirgin sama, har ya shugabanci kamfanin jirage. Wa ya sani, ko shi ya taɓa sauke ka a filin jirgin Abuja kana ta salati, ka fito kana yaba hannunsa.

Hajijiyar da ke cikin faifan nan ba a kemis aka sayo ta ba, a cikin sauti take. Kuma a nan ne nake so in kama ka da hannu cikin miya, domin duk abin da kake kira hauka a kiɗan nan, da shi aka yi maka tawai kana goye.

Fara da kukan jitar. Ka saurari Gbe Mi Lo, wato ɗauke ni mu tafi da Yarbanci. Jitar ba ta fita tas kamar ta 'yan hailaif, tana fita da gurnani da zuuu kamar an tsokano gidan rina. Sirrin wani ɗan akwati ne da ake sawa tsakanin jita da amfilifaya, yana ɗura wa sautin ƙarfin da ya fi cikinsa, har ya fito a dagule. Faz suke ce masa. Ka san yadda Bature ya same shi? Na'ura ce ta lalace ana cikin ɗaukar waƙa a wani situdiyo a Nashville a farkon shekarun 1960, sautin ya fito da ƙura, aka ji daɗinsa, aka zauna aka ƙera akwatin da zai riƙa lalata shi da gangan. Rolling Stones suka yi Satisfaction da shi a 1965, duniya ta ɗauka. Yanzu tashi ka je ka dubi wuyan garaya. Ɗan ƙarfen nan mai zobba da ke maƙale a can, wanda makaɗa ke kira ceba, mene ne aikinsa in ba ya dagula sauti ba? Kuntigin Ɗan Maraya Jos, da gwangwanin kifinsa da tsirkiyarsa ɗaya tal, yana da nasa. Igiyar da ake gittawa a fatar ganga don ta riƙa zuza, ita ma aikin ke nan. Makaɗinmu tun kaka da kakanni ya san sauti tsirara lami ne, sai an barbaɗa masa yaji. Bature sai da inji ya lalace masa kafin ya gane.

Akwai wani akwatin kuma da ake takawa kamar totur ɗin mota. Sunansa wa-wa, kuma kafin ka fusata, ba da kai ake ba. An fara sayar da shi a 1967. Ka taka, muryar jita ta buɗe, ka ɗaga, ta rufe, sai ka ji itace da waya suna magana kamar baki. To mai kalangu fa? Ya matse hammata, ya sassauta, fata ta kira mahauci da sunan ubansa, mahauci ya ajiye wuƙa ya zaro kuɗi. Wancan da ƙafa, wannan da hammata.

Ka ce ba ɗaya ba ne, kalangu hawa da saukar murya yake canzawa, wa-wa kuwa kauri da sirantarta? Tabɗi! Ashe ka san kiɗa haka, ka zauna tun ɗazu kana yi mini fuskar ladan? Na yarda da gyaranka. Amma ka tona wa kanka asiri, kuma ba ni na aike ka ba.

Sai babban makamin, wanda ba ya bukatar lantarki: maimaici. Jita mai kaurin murya ta kama zance ɗaya tana juyawa, ganguna na biye da ita, ogan ya ja numfashi ɗaya bai yanke ba kamar mai algaita da ya cika kumatu a ƙofar fada. Zagaye na farko kunne ke ji. Na goma ƙafa ta karɓa. Na talatin ka manta ka bar shayi a wuta. Mu muna da kalmar wannan hali tun kafin a haifi kakan Osmond: tsuma. Ɗan tauri yana zaune lafiya lau, a kaɗa takensa, jikinsa ya ɗauki ɓari, ya miƙe yana neman wuƙa. Wace ƙwaya ya sha? Ɗan dambe a Dei-Dei, da zarar mai kalangu ya taɓo kirarinsa, ka ga idonsa ya juya. 'Yan bori kuwa da garaya da goge da caki suke kai mutum inda LSD ba ta san hanya ba. A'a, kada ka haɗa ni da malaman unguwa, ban ce ka je ba. Cewa na yi wanda aka haifa a ƙasar da ake hawa da kiɗa ba shi da bakin cewa kiɗan hajijiya baƙo ne.

Ka ce na cika baki, faifan ba shi da aibu ke nan? Yana da shi, kuma ni zan faɗa maka da kaina kafin ka ji a waje. Kalmomin waƙoƙin Turancin 'yan aji huɗu ne, soyayyar wasiƙa mai zanen zuciya da kibiya a kusurwa. In hikima kake nema, koma wurin Narambaɗa, nan babu. Muryar Melvin siririya ce, wani wurin har rawa take yi kamar ta yaron da aka tsayar gaban aji. Ga kuma abin da masoyan Ofege ba sa son a tayar: furodusan EMI, Odion Iruoje, ya ɗauko Berkley Jones na ƙungiyar BLO, gwanin da ya riga ya yi yawon kiɗa da Ginger Baker, shi ya zuba jitar nan mai zafi da ake yabo.

Ka ce an kawo sojan haya ɗakin jarrabawa ke nan? Na ga har ka gyara hula don murna. To Shata shi ke kaɗa wa kansa kalangu? Shi ke yi wa kansa amshi? Wa ya taɓa cewa ya yi satar amsa? Kuma in jabu kake son ce musu, sun riga ka, domin a bakin Yarbawa ofege abin jabu yake nufi. Mutumin da ya raɗa wa kansa sunan zagi, me ya rage maka?

Abin da babu gwanin da za a yi hayarsa ya kawo shi ne yarintar. BLO sun fi su iya hannu nesa ba kusa ba, faifansu Chapter One na wannan shekarar ma ya fi nauyi da duhu. Amma ni in an ce in ɗauki ɗaya, na yaran zan ɗauka. Ka juya fuska ta biyu ka sa It's Not Easy. Tafiya take yi a hankali kamar mai dawowa daga rakiya, jitar na kuka can nesa, muryar nan mai rawa da na kushe ɗazu ita ce ke riƙe waƙar, don ka yarda yaron da gaske yake. Gangunan kuma ba sa tafiya ɗoɗar irin ta sojan Ingila, suna da ɗan ɗingishi mai daɗi wanda ba a koyo a Landan. Ka tuna shekara uku kacal da gama yaƙin basasa. Ƙasa ta gaji da jin ƙarar bindiga, kuɗin mai sun fara shigowa, sai ga yara masu sunayen ƙabilu daban-daban a bango ɗaya suna cewa a gwada ƙauna. Faifan ya yi kasuwa ƙwarai. Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka faɗo a 1975 ma'aikata suka yi ta sayen babur da rediyo mai garmaho, kuma ina kyautata zaton a nan ne aka ba Kawu ajiyarsa.

Daga nan labarin gajere ne. Yaran suka ƙara faifai uku, na ƙarshe a 1978, karatu da rayuwa suka raba su. Disko da rege suka karɓe fili, kaset ya zo da 'yan satar fasaha a bayansa, tsuke bakin aljihu na zamanin Shagari ya ƙarasa abin da ya rage. Mu kuwa muka tuna cewa tun asali faifai murfin ƙwarya ne, daga can na garmaho ya ari suna, sai muka mayar da aro gida. An rufe fura da Ofege. An yi fifitar gawayi da BLO. Yara sun yi tayar mota da sauran.

Sai da aka kwashe shekara talatin, sai ga baƙi da jakunkuna suna bi gida gida, shago shago, suna tambayar tsofaffin faya-fayai. Muka sallama musu a kuɗin goro, muna dariyar wautarsu. Suka wanke, suka gyara, suka sake bugawa. A 2016 kamfanin Now-Again na Amurka ya fitar da Wake Up You!, kiɗa haɗe da littafi, wanda ɗan Nijeriya Uchenna Ikonne ya rubuta tarihinsa. Yau na asalin da dala ake cinikinsa a intanet. Ka ce wawaye ne masu saye? To, ɗaya ya rufe fura da dala, ɗaya ya zo ya ɗauke murfin. Zaɓi wanda za mu taka kamar totur.

Ka ce ko ma mene ne, abu ya mutu, a bar shi ya kwanta? Leƙa arewa da kai kaɗan. Mdou Moctar, Ba'abzine daga jihar Tawa ta Nijar, bahago kamar Hendrix, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya zo ya ɗauke shi a 2008, da na'urar nan mai lanƙwasa murya ta mawaƙan finafinanmu, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a cikin Sahara. A 2021 ya fitar da Afrique Victime, mutanen Amurka da Turai suka yi ta cika zaure suna kallonsa da rawaninsa yana sa jita kururuwa. A Sakkwato fa, Malam. Je ka faɗa wa Basakkwace cewa garinsu na Turawa ne, amma ka bari in matsa tukuna.

Ni kaina ban tsira ba, kada ka ce na wanke kaina. Na kawo faifan gida, na aro tsohon garmaho, sai babu allura. Na shiga wata kasuwar kayan lantarki a Wuse ina tambaya. Yaro na farko ya nuna mini kemis. Na biyu ya ce wurin teloli zan je. Na uku, mai kirki, ya dube ni da tausayi ya ce, "Baba, me kake son ji? Kawo wayarka." Cikin minti biyu ya nemo mini faifan duka a YouTube. Ga na asalin a hammatata, sa'an naira, yayan Abuja, ga ni tsaye ina sauraron sa ta lasifikar waya mai kukan sauro, ina ƙona data. Garin da ke da shagon sayar da kowace irin waya ba shi da tsohon shagon faifai ko ɗaya da na sani, don lokacin da ake sayar da faifai shi bai zo duniya ba.

Yanzu a mota nake sa shi, a cunkoson Nyanya da Maraba, inda mutum ke da lokacin sauraron fuska biyu har ya maimaita. Ran nan na rage wa Kawu hanya zuwa asibiti, na kunna ban ce komai ba. Ya dubi taga, carbi na tafiya. Muna wuce gadar Karu na lura carbin ya bar lissafinsa ya koma bin ganga. Da waƙar ta ƙare na kai hannu zan kashe, sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ta gaba ta fi."

Ka ce me? In turo maka ta WhatsApp? Kai da ka ce kiɗan mahaukata ne? Wai ba kai za ka ji ba, wani abokinka ne ke so? To, na gane. Ajiya ce.